Ranar da Baba Ya Kalli Harbina Ta Bayan Gilashi

Cikin duk abin da ya same ni tun zuwana Greensboro, akwai wata Asabar da na san har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Ita ce ranar da na kai mahaifina gidan harbi, aka duba takardunsa, aka ce ba zai taɓa bindiga ba.

Baba maharbi ne. A ƙauyenmu da ke gefen dajin Falgore, da bindigarsa adaka ya ciyar da mu, da ita ya yi suna. Ƙarar adakar nan ce ma ta cinye masa kunnen dama. Yayyena maza ya koya wa harbi, ni kuwa aikina kawo ruwa da leƙe daga bakin zaure. Daga baya daji ya lalace, shigarsa ta zama kasada, ya rataye bindigar. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma duk wanda ya san shi ya san an rage masa wani abu.

Ni karatu ya kawo ni Amurka, na yi aure, na zauna. Wata abokiyar aikina ce ta fara jana zuwa wani gidan harbi can bayan McLeansville, inda mutane ke zuwa su gwada saiti a jikin takarda. Da wasa na fara, har na mallaki tawa bindigar. Da maganar zuwan Baba ta taso, sai na nemi salansa, ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin bindiga ya rage ƙara, don kada ɗaya kunnen nasa ya bi ɗan'uwansa. A nan ba a sayen salansa kamar gishiri. Sai an ɗauki hoton yatsunka, an bincike ka, ka jira takardar amincewar gwamnati. Na jira har ta fito, ina ta kitsa yadda ranar za ta kasance.

Baba ya iso da kaka, lokacin da ganye ke ja. Abin da ya fi ɗaure masa kai ba manyan tituna ba ne, bareyi ne da ke kiwo a bayan gidanmu ba mai ce musu kanzil. Yakan tsaya a taga yana kallonsu kamar wanda ya haɗu da tsofaffin abokai. Da na gaya masa inda zan kai shi, ranar ya riga kowa shiri. Muna bin titin Wendover cikin cunkoson motoci yana ba ni labarin wani gwanki da ya taɓa wahalar da shi, yana ta murza yatsunsa a kan gwiwa.

Mai kula da wurin wani dattijon Bature ne mai furfurar gemu. Ya san ni sarai, amma dokar wurin ita ce duk wanda ya zo da irin wannan ƙarfe sai an ga takardarsa, ko kullum yake zuwa. Ya karɓi tawa, ya gwada lambar da ke jiki da ta jikin salansar, ya miƙo mini. Sannan ya nemi shaidar Baba. Na ba shi fasfo. Ya buɗe shafin biza, sai ya ɗago ya dube ni.

A hankali ya yi mini bayani. Ya ce wanda ya shigo ƙasar da bizar baƙunci doka ba ta yarda ya riƙe bindiga ba, ko na minti ɗaya ne, sai in yana da lasisin farauta. Lasisin kuma sai an yi ɗan kwas an ci jarrabawa. Ya ce ba shi ya ƙirƙiro ba, kuma in ya kau da kai, ni da shi da Baba duk muna iya shiga matsala. Na ce masa mutumin nan tun kafin a haife ni yake harbi. Ya ce bai musa ba, ya ga hannunsa. Amma kwanakin da suka rage wa Baba ba za su isa a yi kwas ba, mu duka mun san haka.

Baba ya ga fuskata ta canza, ya tambayi abin da ake ciki. Na fassara masa. Ya yi ɗan murmushi.

"Wato sai na kawo takardar da ta ce ni maharbi ne," in ji shi.

Na juya zan ci gaba da musu, ya hana ni. Ya ce mutumin nan ai dajinsa yake tsaro. Shi ma a zamaninsa ya sha mayar da baƙin da suka shigo farauta ba da sanin sarkin baka ba, kuma ba don ya raina su ba ne. Na fara tattara kaya mu tafi, don ni a wurina ranar ta riga ta lalace. Sai ya dafa akwatin bindigar.

"Uwata," haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa gare ni, "ke ai takardarki ta cika. Shiga in gani."

Dattijon ya kawo masa kujera gaban wani faffaɗan gilashi da ake hango masu harbi ta ciki. Na shiga, na tsaya a layina. Ban taɓa jin nauyin bindiga irin na ranar ba. Harbin farko ya kauce hagu, na biyu ma haka. Na waiwaya. Baba ya bar kujerar, ya matso har goshinsa na neman taɓa gilashin. Ya sauke kafaɗarsa ta dama ya nuna mini. Ya ɗora tafi a ƙirji, ya saki numfashi a hankali, sannan ya lanƙwasa yatsa ɗaya sannu sannu, kamar mai tsoron tada wani daga barci. Na yi yadda ya nuna. Harsashin ya shiga kusa da tsakiya.

Haka muka yi ta yi. In harba, in waiwaya, ya gyara mini da hannu. Ba mu jin juna ko kaɗan, amma ban taɓa fahimtar Baba kamar yadda na fahimce shi a wannan lokacin ba. Karatun da na yi ta leƙe ina yarinya, ranar aka zaunar da ni aka ba ni shi, ni kaɗai.

Da na fito na miƙa masa takardar saitin. Ya bi hujojin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya kama hannun rigata ya kai hanci, ya lumshe ido, ya daɗe a haka. Ya ce albarushinsu bai kai namu ƙauri ba, amma dai shi ne. Dattijon na kallonmu. Ya ce in gaya wa Baba ya yi lasisin ya dawo, shi da kansa zai buɗe masa layi. Baba ya ba shi hannu, ya ce in Allah ya kai mu baɗi.

Bai kai ba. Ciwo ya kwantar da shi bayan ya koma gida, ya rasu ina nan ina neman tikiti. Na daɗe ban koma gidan harbin ba. Ranar da na koma, dattijon ya duba takardata kamar kullum, sannan ya tambaye ni yaushe maharbin zai dawo. Na gaya masa ya rasu. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Na so in ga Baba da bindiga a kafaɗa ko sau ɗaya ne, kuma har yau ina so. Amma na daina jin haushin wannan doka. Abin da ranar ta koya mini shi ne, in ka shirya wa iyayenka wani abu ya ƙi yiwuwa, kada ka yi fushi ka tattara kaya. Ka tsaya ka karɓi abin da ya samu. Da na bi zuciyata mun koma gida, da yanzu ba ni da komai sai takaici. Ga shi ina da wannan yinin, kuma shi nake ɗaukowa duk ranar da kewarsa ta ishe ni.