Sodar Ƙarshe ta Gwaggo Larai

Duk ƙauyen Dakko babu gidan da bai taɓa wanki da sabulun Gwaggo Larai ba, ƙanwar mahaifina. Mace ce mai faɗa, ga hannuwa duk tabon ƙuna. Shekara talatin ita ke haɗa mai, mijinta Barau ke sayo soda a kasuwar Mafara ranar Talata, ya auna mata da wani tsohon gwangwanin madara. Gwangwani ɗaya na soda, shida na mai. Kullum sai ta ce ya yi ƙwauro, wai sodar za ta ɗauki mai fiye da haka, shi kuma ya yi dariya ya ci gaba da awonsa.

Ni malamar kimiyyar sinadarai ce a Mafara, da su nake ba ɗalibaina misali. Ina ce musu idan abu biyu za su haɗu su ba da na uku, wanda ya fara ƙarewa shi ke tsayar da aiki, ko da ɗayan ya cika randa.

Bara da damina zazzaɓi ya kwantar da Barau, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Ya bar gwangwani biyu na soda a ƙulle cikin leda, awonsa na ƙarshe. Bayan Gwaggo ta fita takaba na je Dakko, na tarar ta ajiye ledar a gabanta.

"Zakiyya, ke da kinka yi boko, sabulu nawa ka hita nan?"

Na lissafa a bayan takarda. "Tamanin, Gwaggo, in komai ya tafi daidai. A hannu ba ya cika haka. Bari in sayo miki wata sodar ran Talata."

"Ba ni son wata. Wagga ce tashi. So ni kai ta kai ni baɗi."

Na gane nufinta, na roƙe ta kada ta ƙara mai. Ta ce yaushe aka haife ni da zan koya mata sabulu. Maimakon gwangwani goma sha biyu ta zuba ashirin, ta yi ta juyawa da muciya har kafaɗarta ta sage.

Kwana uku muna leƙa kwanon. Bai daskare ba. Mai ya taso sama yana ƙyalli, ƙasa kuma wani abu kamar kunun da ya kwana. Ko ɗaya bai yanku ba.

Na yi zaton za ta yi faɗa, wallahi na fi son ta yi. Sai ta tsoma yatsa cikin man, ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe ba ƙwauro shi kai ba," ta ce.

Tun ranar ba ta sake dama sabulu ba. Jarka huɗu na mai suna nan a ɗakinta, gwangwanin madarar yana kife a kan ta sama. Har yau ina koyar da darasin nan, amma na sauya misali, don muryata ba ta kai ni ƙarshensa.