Ɗakin Shatu Ya Tsaya a Kona

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Safar, wanda ya yi daidai da 6 ga Agusta 2025, jim kaɗan bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran kakana Malam Gado mai gyaran injin niƙa, a garin Kona. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, bai kuma daɗe yana jinya ba. Na Allah muke, wurinsa kowa zai koma. Kafin rana ta faɗi an yi masa sutura, an kai shi makwancinsa, ƙasa da laushinta saboda ruwan da aka samu.

Ni ne Rayyanu, ɗan 'yarsa Asiya. Duk wanda ya san mu ya san tun da na iya magana ban bar tsohon nan ya sha ruwa cikin natsuwa ba. Wasan jika da kaka ne, amma ni na wuce da shi inda ake tsayawa. Yau ga ni zan yi magana, babu mai rama mini.

Tsoho, wanda bai san ka ba zai tambaya: me ya kai mutumin Tasawa rasuwa a Kona, da matarsa da tukwanenta da turminta? Amsar ita ce gidanka taya gare shi, kuma a Kona ya tsaya.

Rayuwarka duka a hanya ka yi ta. Duk ƙauyen da injin niƙa ya mutu tsakanin Tasawa da Mayahi, kai ake aika wa. Ka rataya jakar sufanu ka tafi, kakata Shatu tana gida tana jira. Wata rana, bayan 'ya'ya duk sun kama gabansu, kana ɗaure jaka ta ce maka, "Malam, na hi sanin ƙeyarka bisa ga huskarka." Dariya aka yi a gidan, amma kai ba ka yi ba. Damina ta gaba ɗakunan marayun ƙanenka suka zube, sai ka bar musu gidanka gaba ɗaya, ka sayar da 'yan shanunka, ka ce za ka Maraɗi sayen gida. Muka ce wa yake sayen gida a Maraɗi alhali aikinsa yana nan? Ka ce gidan zai biyo ka.

Na bi ku don kada dariyar ta wuce ni. A wani fili da ake jibge motocin da aka kawo daga bakin teku muka same ta: doguwa, fara, fentinta ya koɗe, Turawa sun yi yawon duniya da ita har ta tsufa. 'Yan lakwal, wato 'yan boko, suna ce mata kampin-kar. A ciki akwai gado, da murhun gas, da ɗan famfo, da kwaba, har da makewayi wanda in ka yi atishawa a ciki sai goshinka ya bugi bango. Dillali ya yi ta jan hannunka yana cewa, "Alhaji, dubi labule, taɓa katihwa ka ji!" Ka ce, "Ban je Makka ba, kuma ba labule ne zai kai ni garin Sarkin Hausa ba. Gobe da sahe ni dawo, kar kowa shi tashe ta."

Da safe muka koma. Kafin ka gaisa da kowa sai da ka ɗora tafin hannu a kan injin, don ka tabbata ba a ɗumama shi a ɓoye ba. Ka murɗa makulli rabi, ka zauna kana kallon wata 'yar fitila. Na ce, "Tsoho, barci ya ɗauke ka ne?" Ka ce, "Tsohuwar mota ce mai shan man gazuwal, ɗan nema. Sai buji, hulogin injin, sun yi zahi. Jira hitila ta mutu, sannan ka tashe ta." Fitilar ta mutu, ka murɗa, ta yi tari ta kama. Ka zagaya baya ka tsuguna kana duban hayaƙi kamar mai duban wata. Dillali ya nuna maka wata da ta fi ta ƙuruciya, ka girgiza kai. Ka ce waccan in ta lalace a daji sai an kira mai na'ura daga birni, wannan kuwa da sufana da kunnenka za ku shirya.

Sannan ka sa na hau rufi da bokiti, ka shigar da Shatu ciki. Ina kwarara ruwa, tana bin kusurwa-kusurwa da ido. Wuri ɗaya ya ɗiga, kusa da taga. Dillali ya ce wannan ai ba komai ba ne. Ka ce matar da za ka sa ciki ta tari ɗigar ɗaki da kwano iya tarawa, sai an liƙe za a yi ciniki. Ita kuwa gwajinta ɗaya ne. Ta tsaya a tsakiya, ta ɗaga hannuwa kamar mai kabbara, ta yi ruku'u, ta ga ba abin da ya tare ta. Ta ce, "Ya isa." Daga ranar mutane suka sa wa motar suna Ɗakin Shatu, kai kuma duk inda ka yada zango sai ka juya hancinta gabas, don kada tsohuwa ta sha wahalar neman alƙibla.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Kawu Sulaiman, ɗanka mai shago a kasuwar Tasawa, abin ya yi masa ciwo, kuma ba don rashin ƙauna ba. Abokan kasuwanci suna tsokanarsa, "Alhaji, yau ina gidanku ya kwana?" Ya gina muku ɗakin siminti da wuta da fanka, ya roƙe ku har ya gaji. Duk shekarun nan bai taɓa sa ƙafarsa cikin motar ba. Daga waje yake durƙusawa ya gaishe ku, ya ajiye abin da ya kawo, ya juya.

Ni kuwa na samu abin wasa. Ranar wata kasuwar Mayahi kun tafi alwala, na tsaya a ƙofar motar ina buga gefenta ina ihu, "Sarkin Hausa! Sarkin Hausa! Saura mutum biyu!" Kafin ku dawo gado ya cika da fasinja, wata tsohuwa ta zauna da akuyarta a kan cinya, wani ya jingina buhun gishiri da kwabar Shatu. Na laɓe bayan rumfar mai tsire ina jiran ka fashe. Ka tsaya ka dube su, ka dubi inda nake, don ka san aikin wane ne. Sai ka ce, "Bismillah, ku gyara zama. Amma ku cire takalma, ɗakin matata ne." Ka kai su har Sarkin Hausa ba ka karɓi komai ba, Shatu ta dama musu fura a hanya. Tun daga lokacin ba ka ƙara wuce mai tafiya a ƙasa ba. Na shirya maka tarko, ka mayar da shi sadaka, ka bar ni da kunya a bayan rumfa.

Matan ƙauyuka su suka fi kowa sanin ranarka. Da, in inji ya mutu sai su koma turmi har hannu ya yi kanta kafin mai gyara ya iso, ya taɓa ya gudu don kada dare ya yi masa. Kai kuwa sai ka tsayar da gida a gindin bishiya kusa da injin, ba ka tashi sai ka ji muryarsa ta daidaita, ka kuma nuna wa mai shi inda ciwon yake don gaba. Masu naƙuda da gadon Shatu ya kai likita ba su ƙirguwa. Akwai yara a yankin Kona da ake kira Gado, kuma ba don sun gaji kowa ba.

Tsokanar da na fi yi maka ita ce, "Tsoho, ba ka da zaure, ba ka da ƙofar gida. In ka mutu ina za a yi zaman makoki?" Ka ce, "Inda taya ta tsaya." In ce, "To ka sani, matar tawa ce, motar ma tawa ce." Ka ce, "Matar ta hi ƙarhinka, motar ta hi haƙurinka." Muna faɗa muna dariya. Ban san tambayar za ta dawo ba dariya a cikinta ba.

Da aka dawo daga maƙabarta, Kawu ya ce a shirya Inna Shatu a kai ta Tasawa ta yi takaba a ɗakin da ya gina, motar kuma a nemi mai saye. Daga cikin motar ta amsa, ba ta ɗaga murya ba: "A ɗakin mijina nika takaba." Ya ce, "Inna, ki yi mani rai. Wannan mota ce. Mi mutane za su ce?" Aka kai zancen ga limamin Kona, ya ce mace tana takaba a inda take zaune da mijinta, ya tambaya a ina take girki, a ina take kwana. Kowa ya san amsa. Amma ya ce ba zai shiga tsakanin uwa da ɗa ba, su daidaita. Muka kwana a haka, zuciyar kowa a dagule. Na san in aka fitar da ita daga ɗakin nan, an ce mata ke nan zamanta da kai ba zama ba ne.

Washegari mutane suka fara isowa. Amalanke daga Sarkin Hausa, babura daga Mayahi, mata a ƙasa da ƙullin gero a ka. Babu wanda ya tambayi hanyar gidan Kawu. Kowa cewa yake, "Ina Ɗakin Shatu ya tsaya?" Tabarmi suka cika gindin bishiya har suka kai bakin injin da ka gyara na ƙarshe. Ga ƙofar gidan da na ce ba ka da ita.

Da hantsi hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Rumfar da aka kafa ta yi ta zuba, mutane suka watse cikin zauruka. Kawu ya tsaya a jikin motar ya jiƙe sharkaf, sai Shatu ta turo ƙofa ta ce, "Shigo, kar ka yi mura." Ina kallo ya cire takalma, ya yi sallama, ya shiga. Abin da ya faɗa wa mahaifiyata daga baya shi ne, ya tarar da kwanonin Inna a jere kamar yadda ya san su yana yaro, hularka a rataye, rufi ko ɗigo babu. Ta ce masa, "A gidan ƙasa jiran shi na yi. Nan ne na zamna da shi."

Da ruwa ya ɗauke Kawu ya fito. Ya naɗe babbar rigarsa, ya ɗauko duwatsu da hannunsa ya tokare tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Mazan Kona suka kewaye wurin da darni, matansu suka raba kwana don kada Shatu ta zauna ita kaɗai, ƙanwarta Hamida ta tare tare da ita. Da wani baƙo ya tambayi Kawu inda za a yi addu'ar uku, na ji da kunnena ya ce, "Nan, ƙohwar gidan Baba."

Ni aka ba makulli, don an ce in ta daɗe ba a tashe ta ba batir zai mutu. Ranar Juma'a na zauna a kujerarka, na murɗa rabi. Hannuna yana ƙaiƙayi in ƙarasa, sai na ji kamar kana bayana. Na jira. Fitilar ta mutu, na murɗa, ta yi tari ta kama. Shatu ta ce daga kan sallaya, "Ashe kana jin magana." Na ji maganarka, Tsoho. Karo na farko ke nan.

Ya Allah, bawanka Gado ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda bai wuce mai tafiya a ƙasa ba, kada rahamarka ta wuce shi. Ka ba shi gida a Aljanna, wanda ba a tashi daga cikinsa. Ina miƙa ta'aziyya ga kakata Shatu, da mahaifiyata Asiya, da Kawu Sulaiman, da marayun da ya bar wa gida, da jama'ar Kona da suka karɓe shi a raye suka kuma rufe shi, da duk matar da ta taɓa jin injin ƙauyensu ya tashi ta ce Allah shi yi wa Gado albarka. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.