Ƙafar Abdulbasit da Gejin Ɗantsoho

Ranar da Ɗantsoho ya sha kaye ina wurin, da kular shinkafa a cinyata, don haka kada wani ya zo yana gyara mini labari. Ni ce kuku a gidan wani jami'in diflomasiyya a unguwar Zamalek da ke Alƙahira. Mun fita shan iska Fayyum da mota biyu, Ɗantsoho na jan jif ɗin maigida, Abdulbasit na jan ta baƙi. Da muka kai inda kwalta ta ƙare rairayi ya fara, sai Ɗantsoho ya tsaya, ya fito, ya tsuguna, ya hau sace tayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Abdulbasit ya taho da tumbinsa, ya doki taya da ƙafa, ya shaida wa uwargida Hajiya Murja cewa direbanta ya taɓu. Wai shekara ashirin yana tuƙi bai taɓa ganin mai hankali ya sace lafiyayyar taya ba, kuma shi ba ruwansa da ɗan ƙarfen awo, ƙafarsa ce geji. Ɗantsoho yana da amsa, amsar ma ta gaskiya ce. Sai dai bawan Allah yana da in'ina, in ransa ya ɓaci harshensa cushewa yake kamar titin Abbasiya da azahar. Ya buɗe baki, ya rufe, ya nuna rairayi, ya nuna taya. Baƙi suka tuntsire.

Hajiya ta yanke hukunci: ya mayar da duk iskar da ya fitar. Famfon ƙafa kaɗai ke cikin but. Haka ya buga taya huɗu a rana, mu muna inuwa muna cin kaza. Ni ma na yi dariya, Allah ya yafe mini, amma na ɓoye masa cinya guda. Kafin ya gama Hajiya ta ce ranta ya ɓaci, a koma gida. Ba a shiga rairayin ba, balle a san mai gaskiya. Washegari aka karɓe makulli, Abdulbasit ya zama babban direba.

Rasa aikin ba shi ya dami Ɗantsoho ba. Sunan ne. Duk wani Bahaushe a Alƙahira, daga ɗaliban Azhar har masu gadin ƙofa, suka koma kiransa Sace-Taya. In aka haɗu a sallar idi sai ka ji ana cewa a ɓoye motoci, ga shi nan tafe.

Alhali mutumin nan a rairayi ya girma. Shekara tara yana bin manyan motoci tsakanin Agadas da Dirku kafin wani ya ɗauko shi tuƙi Masar. A can ya koyi cewa taya mai tauri haƙa take yi a yashi, wadda aka rage wa iska kuwa baje ciki take kamar tafin raƙumi ta wuce. Da aka kore shi sai ya koma unguwar Arba wa Nus, ya auri Mahasin, Bahaushiyar Sudan mai haƙurin da ni ba ni da rubu'insa, ya kafa rumfar faci. Gejinsa na aljihun gaba kamar biro. Mahasin ta ce ko ɗinkin sallah za a yi masa, aljihun ake fara aunawa.

Ku je rumfar ku sha wa'azi. Ba ya auna taya sai ta huce, in ka zo da ita da zafi sai ka zauna ka sha shayi. Ba ya yarda da lambar da ke jikin taya, sai wadda ke liƙe a bakin ƙofar direba. Ya duba shekarar da aka yi taya ya ce maka ta girmi aurenka, ka jefar. Har 'ya'yan masu kuɗin Masar da ke kai motocinsu filin tsere bayan gari suna zuwa, suna ce masa usɗa, usɗa, wato gwanin sana'a. Shi ke gaya musu su fara da iska ƙasa kaɗan domin gudu zai kumbura ta, su sake aunawa da zarar sun fito, kuma tayar tsere mai laushi ba ta yawon gari ba ce, kafin ka ankara ta cinye. Misirawa suna girmama shi, 'yan'uwansa suna masa dariya.

Ya taɓa ce mini, a hankali yadda harshe ba zai kama ba: “Iya Baraka, ni ba zan rama ba. Rairayi zai rama mini.” Na ce to Allah kada ya ɗauke ni sai na gani. Da wannan addu'a na ci shekara bakwai.

Bara sai ga Hajiya Murja ta dawo ganin likitan gwiwa, ta sauka wajen sabon maigida, Alhaji Sulaimanu, wanda ya gaji gidan har da ni da Abdulbasit. Ya ce sai ya kai ta Fayyum. Ni dai na dafa kaza da yawa. Da safe na ga Abdulbasit yana dukan tayoyi da ƙafa, sun yi tauri kamar dutsen guga, yana cewa tamam, wato sun yi daidai.

Ba mu yi minti goma cikin rairayi ba jif ta nutse. Abdulbasit ya taka totur, ta ƙara nutsewa. Ya sake takawa, cikinta ya zauna a ƙasa. Rana ta take, Hajiya ba ta iya tafiya, Alhaji na tambayar ko akwai wanda ya san hanyar fita. Na bari suka gasu tukuna. Sannan na ce na san wani mai faci, na danna waya, na ƙure murya yadda kowa zai ji.

Ɗantsoho ya saurara. Ko in'ina ɗaya bai yi ba. Ya tambayi ko Hajiya na kusa, ya gaishe ta da gwiwa, ya faɗi sunansa, har da wanda aka laƙaba masa. Sannan ya ce a ba direba tsinken ashana ya tsuguna.

Jama'a, na ga abin da na roƙa. Abdulbasit a durƙushe, tumbi a yashi, yana sace taya da hannunsa, Ɗantsoho na ce masa ƙara, ƙara, sai ta baje. Huɗu cif. Ya sa shi ya yashe gaban tayoyin, ya ja a hankali. Mota ta fito sumul kamar ba ita ba. Hajiya ta karɓi wayar ta ce masa ma'alish, ya yi haƙuri, ta zalunce shi, kuma duk wanda ta sake ji ya kira shi da sunan nan, da ita yake. Na ce ta maimaita, ban ji da kyau ba, tsufa.

A bakin kwalta rigima ta tashi. Abdulbasit ya ce zai lallaɓa haka har gidan mai. Ɗantsoho, da har yanzu ke kan waya, ya ce taya mara iska a kwalta zafi take ta fashe, in Alhaji ya gaji da duniya bismillah. Alhaji ya sa aka buɗe but. Ga famfon ƙafa, wancan dai na da, har na gane tsatsarsa.

Abdulbasit ya buga, ya buga, gumi har cikin takalmi. Ya ɗago yana haki ya ce to ya za a yi ya san ta kai, tunda babu geji a motar.

“Doke ta da ƙafa mana,” in ji Ɗantsoho. “Ko ka baro ƙafar a Zamalek?”