Matashin Tsohuwar Jiratawa

Jiya na shanya matasan kaina a rana, ƙamshin audugar rimi ya taso, sai Gwaggo ta faɗo mini a rai. Yayar babanmu ce, ita ta koya mini ɗinkin matashi da labule a nan Maraɗi. Ita dai ba ta sa almakashi a yadi sai ta ji yadda mai kayan yake kwanciya.

Wata rana wani manomi ya zo daga Jiratawa, ƙafarsa duk taɓon fadama. Ciwon wuya ya hana mahaifiyarsa barci, yana so a yi mata matashin soso mai tsada.

Gwaggo ta ce, "Ta wane gefe take kwanciya, ɗana?"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi, Inna, ban taɓa lura ba."

"To hau kabu-kabu ka gano. Ga zare, ka auno mini daga wuyanta zuwa kafaɗa. Soso kuwa zafi gare shi, bar wa kujerun Alhazai."

Kafin ya dawo mun baje audugar rimi a tabarma muna tsince ƙwayoyinta. Tana maƙale mana a gira, Gwaggo na atishawa tana dariya. Da ya kawo awon, sai ta cusa matashin, tudunsa daidai da tsawon zaren, ta bar ɗan kwarmi wajen kunne.

Bayan kwana biyu ya dawo da kwandon tumatir. Ya ce tsohuwa ta yi barci har hantsi, sai da suka tsorata suka taɓa ta.

Allah ya sanyaya makwancin Gwaggo, ya hutar da ita yadda ta hutar da bayinsa.