Gaisuwar Tsaye a Yendi

Ƙaranbau ne ya kama ni da girmana, ina dawowa daga sarin albasa a Bawku. Ƙurajen suka bushe, na ce shi ke nan. Ashe da saura. Wata safiya na miƙa hannu zan ɗauki buta, hannun ya wuce ta, ƙasa ta juya da ni. Likita a Tamale ya ce cutar ta kumbura mini ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, inda ke riƙe mutum ya tsaya daidai.

Na koma Salaga ina tangaɗi. A kasuwa har wata mai doya ta ce ko giyar pito na fara sha. Ni da ko warinta ba na so! Sai da na wanke ta tas.

Abin da ya fi ci mini rai a Yendi ya faru. Dangin mijina Dagwamba ne, a wurinsu ba a gaida babba a tsaye. Sai ka tsuguna kana amsa "naa, naa" har ya gama. Ni kuwa in na tsuguna, sai faɗuwa. Da surukina ya rasu, mijina ya ce in zauna gida, zai ba da uzurina. Na ce wallahi sai na je. Tsohon da ya riƙe ni kamar 'yarsa, a ce ban je ta'aziyyarsa ba?

Na shiga tsakar gida, na dafa bango, na gaida tsofaffi a tsaye. Yayar marigayin ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da Hausa don in ji, "Arzikin albasa ya hana gwiwa lanƙwasa."

Raina ya ɓaci. Na saki bangon, na tsuguna a gabanta. Ban kai "naa" na biyu ba na kife, goshina ya daki siminti, ɗankwalina ya yi gefe. Mata suka yo kaina, na ce kar wadda ta taɓa ni. Daga kwance na ƙarasa gaisuwar, ban tsallake kowa ba. Sannan na rarrafa zuwa bango, na miƙe da kaina.

Na ce, "Gwaggo, kin ga ta ƙasa. Daga yau ta tsaye za ki samu."

Kujera ta turo mini. Ban zauna ba.