Fuskar Asabe

Lokacin da na sayi shagon buga takardu a Sabon Gari, nan Sakkwato, cikin shekarun ƙarshe na mulkin soja, abu uku na gada: fanka mai kuka, kwamfuta guda, da Malam Filibus. Biyun farko an faɗa mini da su. Shi kuwa sai ganinsa na yi ran Asabar ya shigo, ya ja benci ya zauna kamar ɗakinsa.

Malamin koyar da kafinta ne. Daga kudancin Kaduna ya zo Sakkwato tun kuɗin man fetur na yawo a titi, ana ta buɗe makarantu ana neman masu koyarwa ido rufe. Da matarsa Asabe ya zo. Ba su haihu ba, ba su kuma dami kowa da zancen ba. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa, ba ya son a taɓa masa keke, ga shi da gyara wa mutane zama da magana. Ni ma ya sha gyara mini, na kuma sha jin haushinsa.

Asabe ta rasu kafin zuwana, gara kuwa ta riga ta cinye hotunansu a akwati. Da za a buga takardar jana'iza sai aka aro hoton Zumuntar Mata na cocinsu, wanda shi kaɗai ne ya rage da take ciki: mata a jere, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, ɗauri iri ɗaya. Wani dangi ya nuna da yatsa, mai shagon na da ya yanko kan mace guda ya adana a kwamfuta. Hoton asali ya bi hannun jama'a ranar jana'izar, bai dawo ba. Abin da ya rage wa Malam na kamannin matarsa ke nan, yana cikin na'urata.

Kwamfutar haɗin ƙasar waje ce, da hatiminta a baya, ba wanda ya taɓa kwance ta. Katin hotonta, wato ɗan falankin da ke tura hoto zuwa gilashi, tsohon yayi ne. In na buɗe masa hoton, ɗigo-ɗigo ne kawai toka-toka, da duhu biyu a gurbin idanu. Haka zai zauna ya ce, "Asabe, ina gajiya?" Ya ba ta labarin wanda ya yi aure da wanda ya mutu. Abin da ke tayar mini da tsikar jiki shi ne yadda yakan yi shiru a tsakiya, ya karkata kai yana saurare, sannan ya ce, "Haka ne." Na so in hana shi, tausayi ya hana ni.

Da masu katin biki suka fara gudu na saboda rashin launi, sai na kira Siddiƙu mai gyara daga Ƙofar Marke. Ya leƙa ya ce, "Wanga kati ya tsuhwa, ba shi hidda launi. In an ka sa sabo, har ƙurjin huska sai kun gani."

Malam ya ji wannan magana. Ranar aikin ya zo da rana tsaka cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya yi aski, zufa na zuba. Siddiƙu ya yanke hatimin, ya kwance murfi, ya zare tsohon katin, ya danna sabon har ya zauna, ya ɗaure shi da noti. Ya yi 'yan danne-dannensa, gilashi ya kawo fes. Na buɗe hoton.

Daga sama ya riƙa saukowa, layi bayan layi. Ɗankwali tukuna, da launinsa. Goshi. Sai idanu, suna kallonmu sosai. Malam ya matso har numfashinsa na taɓa gilashin. Da aka iso kumatu sai ga tsaga biyu-biyu, a ƙasa kuma murmushi da wushirya.

Malam ya ja da baya. Sannan ya ce, a hankali, "Asabe ba ta da tsaga. Wannan Hannatu ce."

Na ce, "Wace Hannatu, Malam?"

"Matar Barnabas direba. Jiya ma mun gaisa a kasuwa."

Nan na gane kuskuren. Fuskar mai rai aka raba wa jama'a a bakin kabari, Hannatun ma ta karɓi tata takardar, kuma don baƙin bugun ba wanda ya lura. Ita Malam yake gaisarwa duk shekarun nan.

Siddiƙu ya ɗauko tsohon katin ya ce, "Baba, ko in maishe shi?"

"Bar shi. Na riga na gani."

Ya koma kan benci, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya rufe ido. Muka tsaya muna kallonsa. Na ga goshinsa na tattarewa. Da ya buɗe ido, tsoro ne ƙarara a cikinsu.

Ya ce mini, "Tukur, ina ta neman fuskar matata. Wannan matar ce take zuwa."