Takabar da Na Yi Ban Sani Ba

Shekarun baya, a shekarar babbar yunwa, maigidana ya mutu a kudu, ni kuwa ina gida ina jiran sa.

Gero ya ƙone a gona tun bai fid da kai ba. Da kaka ta zo babu abin girbi, sai ya bi mazan garinmu cin rani, ya bar ni da yara uku da 'yar dawa a rumbu. Dawar ta ƙare. Muka koma dusa da ganyen tafasa.

Yayana ya zo daga Ɗambatta da jaki. Ya ce, "Haɗa kayanki mu tafi. Abin da muka ci ku ci."

Na ce, "Yaya, ya dawo ya tarar da kango? Yana hanya. Jikina ya ba ni."

Ya ce, "Jikin naki da ko tsayuwa ba ya iyawa?"

Na ƙi bin sa. Ba taurin kai ba ne. Sani na yi, kamar yadda na san hannuna na dama. Duk ranar kasuwa sai in sa kwalli in zauna ina sauraren sallamar maigidana, daga ƙashi sai fata, wai ni amarya.

Autana ya cika a bayana kafin ruwan farko.

Da damina ta kankama, wani abokin tafiyarsa ya dawo. Ya durƙusa a zaure ya ce zazzaɓi ya kashe maigidana tun farkon saukarsu. Su suka binne shi.

Na aika a tambayi liman yadda zan shiga takaba. Ya ce daga ranar mutuwa ake farawa, ba ranar da labari ya zo ba. Tawa ta riga ta wuce.

Na ce, "A koma a tambaye shi, wadda ta yi takaba da kwalli a ido, ta yi?"

Ya ce ta yi.

Abin da ya tsaya mini har yau shi ne, yana kwance cikin ƙasa, amma abin da nake ji a ƙirjina bai motsa ba. Da yana raye ma haka zan ji. Sanin gaskiya da sanin ƙarya ɗanɗanonsu ɗaya a zuci, babu abin da zai nuna maka wanne ka riƙe. Ana cewa hankali ne ya raba mu da dabba. Akuyar maƙwabta ta tsinke igiya ta bi inda ciyawa take. Ni mai hankali na zauna.

Yanzu ina Ungogo, gidan babban ɗana. Ko hadari aka haɗa aka tambaye ni ko za a yi ruwa, "ban sani ba" nake cewa. Jikokina suna cewa rikicin tsufa ne. Na bar su a haka.